Lissafin da Bai San Gyara Ba

Duk shekara, idan jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ta ba da hutu, tsofaffin ɗalibanmu na Jega da Maiyama sukan biyo mu gida gaisuwa, kuma ba a daɗewa hira take karkata zuwa wani darasi guda da ke hana su barci. Shi ne reshen aljabara da Turawa ke kira liniya aljabara, wanda mu a nan za mu kira miƙaƙƙiyar aljabara. Kukansu kusan iri ɗaya ne: "Malam, muna iya yin aikin, amsa ma tana fitowa daidai, amma ba mu san abin da muke yi ba." Tun da aka kafa jami'ar a 2006 yaranmu suka sami ilimin kimiyya a ƙofar gida, sai dai harshen da ake ba da shi har yanzu baƙo ne a kunnensu.

To mene ne wannan darasi? Mai karatu, mu je kasuwar albasa ta Aliero. A ce wani ya sayi buhu 3 na manyan albasa da buhu 2 na ƙanana a kan naira dubu 190, wani kuma ya sayi buhu 1 na manya da 2 na ƙanana a kan dubu 90. Dillalin da bai taɓa shiga aji ba zai ce maka bambancin cinikin biyu buhu 2 ne na manya, bambancin kuɗi kuwa dubu 100, saboda haka babba dubu 50, ƙarami dubu 20. Abin da ya yi, wato cire wani ciniki daga wani don wanda ba a sani ba ya ɓace, shi ne ƙashin bayan darasin baki ɗaya. Sinawa sun rubuta wannan dabara kusan shekara 2000 da suka wuce, da misalin dammunan hatsi iri uku. Bajamushen nan Gawus, wanda ake laƙaba wa sunansa a yau, ya yi amfani da ita ne a farkon ƙarni na 19 wajen lissafin tafiyar wani dutse a sararin samaniya.

Yanzu a ce mai saye na biyu ya zo da wani labari dabam: buhu 6 na manya da 4 na ƙanana, dubu 380. Dillali zai yi dariya, don kuwa labarin farko ne aka ninka, ba a ƙaru da komai ba, kuma farashi bai fito ba. In ko cewa ya yi dubu 400, to wani a cikinsu bai faɗi gaskiya ba. Ɗalibinmu a jami'a zai jera lambobin a jadawali, ya ninka 3 da 4, ya cire 2 sau 6, ya sami sifiri, ya rubuta cewa ditaminan sifiri ne, a ba shi maki. Tambaye shi me sifirin ke nufi, sai ya sunkuyar da kai. Alhali ma'anarsa ita ce abin da dillali ya yi wa dariya: shaidu biyu, amma bakinsu ɗaya.

Akwai sharaɗi guda, kuma shi ya ba darasin sunansa. Dole farashin buhu 100 ya zama farashin buhu ɗaya sau 100, ba ragi, ba gyara, ba "Alhaji, a duba zumunci". Mun san babu kasuwar da ke ci haka a ƙasar Hausa. Amma daidai nan ne miƙewar take, kuma yaron da aka gaya wa cewa wannan lissafi ne na kasuwar da ba a yin gyara ya kama ma'anar kalmar fiye da wanda ya haddace ta a Turance.

Inda suka fi shan wuya shi ne lokacin da malami ya daina zancen lambobi ya koma zancen "sarari", inda ake tara abubuwa da juna ana ninka su, ko da ba su yi kama da lamba ba. A nan mukan tuna musu da hatimi. Kowa ya san hatimin gida tara wanda kowane layi nasa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, yake tashi 15. Ɗauki irin wannan guda biyu ka tara su gida da gida, abin da zai fito layukansa duk daidai suke, kowanne 30. Ninka kowane gida da 4, layuka su tashi 60. Tarin irin waɗannan jadawalai shi ne sararin da ake nufi, ba wani abu ba. Kuma ba aro muka yi ba: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara irin waɗannan murabba'ai, ya rasu a Alƙahira a 1741. Baturen Ingila Silbesta bai raɗa wa jadawalin lambobi sunan matirik ba sai a 1850. Ba mu ce Bakatsine ne ya ƙago darasin ba, don bai ƙago shi ba, kuma yabon da ya wuce gona da iri ba ya ƙara wa magabata daraja. Abin da muke cewa shi ne jikokinsa ba su da dalilin ganin lambobi a jere su tsorata.

Kalmar aljabara kanta daga littafin Alkawarizmi na Bagadaza ta fito, wajen shekara ta 820, kuma kaso babba na littafin kan wasiyya da rabon gado yake. A Larabci asalin kalmar ya haɗa da ɗorin karaya. Mutanen Aliero, da suka yi suna a ɗori tun kafin a san za a yi jami'a a garin, sai su ji daɗinsu.

Ga inda abin ya shafe mu, 'yan'uwa marubuta. Litattafan soyayya sun cika kasuwa, waƙa ma ba a magana, amma malamin da ke son ya yi wa yaro bayanin matirik da Hausa yakan tarar da bakinsa babu kalma. Sai ya koma Turanci, yaro ya koma hadda. Wasu abokan aikinmu suna cewa jarrabawar WAEC da ta jami'a duk da Turanci ake yi, don haka ɓata lokaci ne. Mun yarda da rabin maganar: dole yaro ya san kalmar Turancin. Amma kalmar da babu hoto a bayanta ba ta kwana biyu a ƙwaƙwalwa bayan an fito daga zauren jarrabawa, kuma injiniya da mai sarrafa kwamfuta za su ci gaba da bukatar darasin har su yi ritaya.

A ajinmu mun fara da abin da ya sawwaƙa. Matirik muna ce masa jadawali. Layukan da ɗaya ke fitowa daga sauran muna ce musu masu baki ɗaya, waɗanda kuwa kowanne ya zo da nasa labarin, masu cin gashin kansu. Don nuna cewa a ninkin jadawalai wanda aka fara da shi yana canza amsa, mukan ɗauki allon karatu mu karkata shi dama sannan mu kifa, mu sake ɗauka mu kifa sannan mu karkata, yara su ga kan allon ya kalli wuri dabam. Ditaminan ne har yanzu ya gagare mu suna. Wani malami a Maiyama ya kawo "ma'auni", wani a Jega ya ce "alƙali" ya fi, tun da shi ke yanke hukunci ko akwai amsa guda ko babu. Duk wanda ke da wadda ta fi waɗannan, ya aiko wa edita kafin fitowa ta gaba.