Takardar neman aiki fuskar mai ita ce

A Birnin Ƙonni, ƙofar gidan waya, wani dattijo ya daɗe yana rubuta wa jama'a takardun neman aiki. Ran nan wani saurayi daga Illela, wanda ko kuɗin mota sai da ya ranto, ya kawo masa shafi 2 da zai kai ma'aikatar siminti ta Malbaza, cike da kukan talauci da kirarin darakta. Dattijon ya soke duka, ya ce ya faɗi abu 3 kaɗai: aikin da yake nema, abin da ya iya, da inda ya koye shi.

"Ɗana, darakta ba sadaka yake rabawa ba, ma'aikaci yake biɗa."

Saurayin ya sake rubutawa da hannunsa. Layi 10 suka ishe shi.