Ƙaramin Tanki a Bayan Ƙofar Kicin

Da yawa cikin fatakenmu masu zuwa Guwanzu saro kaya sukan leƙa Hong Kong, amma ba kowa ya san Titin Tung Choi da ke unguwar Mong Kok ba. Arewacin titin nan kasuwar kifin ado ce zalla. Shaguna ne a jere, an rataye ledoji cike da ruwa da iska a bakin ƙofa, kowace da kifinta a ciki da farashinsa a rubuce a jiki. Mutanen garin suna ganin ajiye kifi a gida na jawo arziki, ga shi kuma ɗakunansu ƙanana ne, babu filin kiwon wata dabba. Akasarin na cikin ledojin kifin ruwan daɗi ne. Na teku sai ka kutsa ciki ko ka hau bene, inda shuɗiyar fitila ke haska murjani, kuɗin kuma ya ninka.

Wani dattijo ɗan garin, mai yi wa abokin tafiyata hidimar lodin kaya, shi ya zagaya da mu. Ya sayi kifi ɗaya shuɗi mai rawayar wutsiya, irin wanda yara suka sani da suna Dory tun fim ɗin Finding Nemo na 2003, sannan ya gayyace mu gidansa shan shayi. A falonsa akwai ƙaton tankin gilashi, duwatsu da murjani da kifaye launi-launi, abin gwanin sha'awa. Ya wuce shi da ledar a hannu, ya nufi bayan ƙofar kicin. Can ga wani ƙaramin tanki da bai wuce lita 60 ba, babu yashi, babu dutse, sai guntayen fayif na roba, da hita, da soso mai fitar da kumfar iska, da murfi a sama.

Abokina ya taɓo ni. "Malam, tambaye shi mana. Duk kuɗin nan da ya kashe, a nan zai zuba shi?"

Na tambaya. Dattijon ya ce wata guda cur kifin zai yi a nan, in an yi sa'a. "Ka ji, Alhaji," na ce, "killace shi zai yi."

Kafin ya sake shi, sai da ya auna gishirin ruwan ledar ya gwada da na tankin. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, amma 'yan kasuwa da yawa sukan ajiye kifi a ruwan da bai kai haka ba, kuma ɗaga gishiri farat ɗaya yana wahalar da kifi. Ya daidaita su, ya duba zafin yana kan digiri 25, ya sa kifin, ya zubar da ruwan shago a makwarara. Ko ɗigo bai bari ya shiga ba.

Abin da yake gudu ƙwayar cuta ce mai suna Cryptocaryon irritans, wadda ke fitowa fari ɗigo-ɗigo a jikin kifi, kuma irin wannan shuɗin kifi yana cikin masu saurin kamuwa da ita. Yadda take rayuwa shi ne duk dalilin ƙaramin tankin. Takan shige ƙarƙashin fata ta ci ta ƙoshi tsawon kwana 3 zuwa 7, sai ta faɗo. A wannan lokacin kifin yakan yi tas, mai shi ya yi hamdala ya ce ya warke. Ita kuwa ta manne a dutse ko yashi, ta rufe kanta da ɓawo, tana rarrabuwa a ciki. Ranar da ɓawon ya fashe, 'ya'ya kusan 200 ke fitowa neman kifi. A teku mai faɗi yawancinsu mutuwa suke yi ba su samu ba. A cikin akwatin gilashi kuwa kifin bai da wurin gudu. Akwai wata ma da ta fi ta mugunta, Amyloodinium, wadda ke kama wurin numfashin kifi, tana iya share tanki cikin 'yan kwanaki tun ba a ga komai a fata ba. Duk wanda ya yi kiwon kaji ya san ɓarnar da kaza ɗaya ta kasuwa ke yi wa akurki a lokacin hunturu.

To me zai hana a zuba magani a babban tankin in cutar ta ɓulla? Maganin da aka fi dogara da shi na jan ƙarfe ne, kuma gwargwadon da zai kashe ƙwayar, shi zai kashe murjani da jatan lande da katantanwa. Dutse da yashin teku kuma suna tsotse shi, ta yadda ba za ka san nawa ya rage a ruwa ba. Shi ya sa ƙaramin tankin yake fayau, fayif ɗin nan kuma maɓoya ce kawai, don kifin da bai da wurin ɓuya ba ya sakin jiki ya ci abinci. Maganin kansa guba ne ga kifi in ya yi yawa, in ya yi kaɗan kuma aikin banza. Dattijon ya nuna mini 'yan kwalaben awo da wani littafi da yake rubuta sakamakon kullum, shafi bayan shafi, da biro. Maganin ba ya taɓa ƙwayar tana cikin ɓawo ko cikin fata, sai ta fito yawo, saboda haka dole a riƙe ma'aunin makonni ba fashi. Idan kuwa ta riga ta shiga babban tankin, sai a kwashe kifayen duka a bar shi wayam. An taɓa samun ɓawon da ya kai kwana 72 bai fashe ba, don haka masu wannan harka da yawa sukan jira kwana 76.

Wani haɗarin daga tankin killacewar yake fitowa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, mai kisa a sabon ruwa. Amfanin sosan nan ke nan: ya yi makonni a jiƙe a babban tankin, ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya sun zauna a cikinsa. Da zarar ya shigo nan, ba ya komawa. Raga da bokiti da tiyo ma na nan daban ne.

Sauran aikin zama ne da kallo. Yana ci? Yana goga jiki a fayif? Numfashinsa ya yi sauri? Masu harkar sun rabu biyu: wasu kan ba kowane sabon kifi magani, wasu sai sun ga alama. Shi dattijon yana cikin na farko idan irin wannan kifin ne, kuma ina ganin hujjarsa ta fi ƙarfi, tunda ƙwayar na iya laɓewa a wurin numfashi inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asalin kifin. Mafi yawan kifin teku na ado kamo su ake yi daga teku, galibi a tekun Indunusiya da Filifin, wasu har da gubar sayanaid. Wannan shuɗin ma sai a 2016 aka fara samun nasarar ƙyanƙyashe shi a hannu, a wani ɗakin bincike na Jami'ar Fulorida a Amurka. Kifin da ya bi ta hannun masunci da dillali da jirgin sama, ya sha yunwa da cunkoso, a gajiye yake isowa, ga ruwan shaguna da ya haɗa shi da kifayen ko'ina. Wanda ya raba shi da teku don jin daɗin idonsa ya ɗauki hakkinsa a wuya, ya kuma ɗauki na waɗanda suka riga shi zama a gidan.

Ga mai sha'awar ajiye kifin teku, shawarata ita ce ya fara sayen ƙaramin tankin da kwalaben awo, ya jiƙa sosansa, sannan ya je zaɓen kifi. In babu wurin tanki biyu a gidan, ya haƙura da na tekun.