Kafin ka kawo min waya, fara duba abin da ka zuba a cikinta

Shekara shida ke nan ina gyaran waya a Farm Centre, nan Kano. Lokacin da nake koyo a wurin maigidana, abin da ake kawo mana sikirin ne ya fashe, ko bakin caji ya mutu, ko waya ta faɗa ruwa. Yanzu kuwa kusan kullum sai wani ya zo ya ce: "Malam, data na zuƙewa, batir ba ya kai azahar." In kwance wayar, in tarar lafiyarta ƙalau.

Makon jiya wani ɗan sahu ya zo yana rantsuwa sace masa data ake yi. Muka shiga Settings, muka buɗe Data usage tare. Manhajojin bidiyo guda biyu ne suka cinye kusan duka. Ya yi shiru. Da na ƙara dubawa sai ga manhajar bashi har uku. Nan ya faɗa min gaskiya: ya ci bashi a ɗaya, ya ciyo a ta biyu ya biya ta farko, da ya makara sai suka tura wa surukinsa saƙo cewa shi ɗan damfara ne. Wallahi idonsa ya kawo ruwa.

Ɗan uwa, yawancinmu ba ma sayen manhaja da kuɗi a Play Store, shi ya sa muke ganin kyauta ce. Amma ai da data kake biya, ga tallar da kake kallo, ga lokacinka. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai shayi ya koma karɓar tiransifa ta OPay, PalmPay ko Moniepoint. Wannan sauƙi ne babba, sai dai ya sa sayen data ya zama dannawa biyu kawai, ba ka jin zafin fitar kuɗin. Ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100.

Ni ma ban tsira ba. Ranar da na buɗe tarihin asusuna na haɗa kuɗin datar wata guda, sai na ga ya fi abin da na ba Umma na cefane. Kuma yawanci a kallon TikTok da dare ya tafi. Kunya ta kama ni.

Ga abin da na yi, shi kuma na yi wa ɗan sahun:

1. Shiga Data usage ka ga wa ke cin datarka. Kashe wa manhajar Background data, ka kunna Data Saver.

2. A WhatsApp, shiga Storage and data ka hana bidiyo da hotuna sauka da kansu.

3. A Play Store, saita sabunta manhajoji sai da Wi-Fi kawai. Sannan ka leƙa Payments and subscriptions, ko akwai abin da ake cirar maka kuɗi duk wata ka manta da shi.

4. Tun watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobin mutanenka da hotunanka. To duk wadda aka turo maka ta linki a guruf, tana neman izinin shiga lambobinka, kada ka sauke ta. In dole ne, duba ko hukumar FCCPC ta yi mata rajista.

Ɗan sahun bai biya ni ko sisi ba, don ban kwance ko noti ɗaya ba. Bashin dai yana nan yana biya a hankali, amma jiya ya leƙo ya ce datarsa ta kai kwana goma ba ta ƙare ba. Kai ma yau da dare ka buɗe taka ka duba. Allah ya rufa mana asiri.