Kaset Ɗin Inna

Ranar da na gaya wa mahaifiyata na sami aikin koyarwa a ƙasar Bagudo, sai ta tambaye ni ko a cikin Nijeriya take. Na ce mata ƙwarai, tana cikin sabuwar Jihar Kabi da aka cire daga Sakkwato a 1991, amma daga ita sai Jamhuriyar Benin. Inna ta yi shiru, can ta ce, "Wato Dahomi." Ita har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda an sake wa ƙasar nan suna ba.

Na bar Zariya da damina ta 1992. Muka bi ta Funtuwa da Gusau, na kwana a tashar Sakkwato, gari ya waye muka nausa Jega. A tashar Koko na ji ɗan kamasho yana ƙwala kiran "Zariya Kalakala! Zariya Kalakala!" Wallahi sai da gabana ya faɗi, na ɗauka an ji tausayina ne za a mai da ni gida. Ashe wani gari ne na nan yankin. Mutanen da ke kusa suka yi ta dariya, ni kuwa na koma gefe ina gyaran igiyar akwatina don kada a ga idona.

Ba aikin ne ya ba ni wuya ba, magariba ce. A gidanmu da an sallame salla ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ƙannena na faɗa a kan cokali, Baba na sauraren labarun duniya. A nan kuwa sai in kunna fitilar ƙwai in zauna ni kaɗai da sauro. Hatta Hausar sai ta zame mini baƙuwa. Yara su ce "mi kac ce, Malam?" in kuwa na buɗe baki da Zazzaganci sai su sunkuyar da kai suna ƙyaƙyatawa. Ranar kasuwa ga Dandanci, ga Zabarmanci, ga Fulatanci, ga mutanen Illo da nasu harshen, ana ciniki da naira ana ciniki da sefa, ni kuwa ina tsaye da 'yar jakata ban san farashin komai ba.

Inna ba ta karatun boko, kuma ba ta son a karanta mata wasiƙa, domin ta ce mai karatu yakan haɗiye rabi. Saboda haka na sayi 'yar rikoda, in ɗauki maganata a kaset in ba wani direba mai kai albasa Zariya. Bayan mako uku ko huɗu sai kaset ya dawo, an shafe muryata an ɗora tata. Tana fara gaisuwa sai ka ji zakara ya yi cara, ka ji ana daka, ka ji ƙanwata ta ce, "Inna, ki matso kusa da abin mana." Sau da yawa ba maganar nake saurare ba, wannan hayaniyar ta bayan fage nake bi da kunne, har batir ya yi sanyi muryar Inna ta koma ta namiji.

Wanda ya fara fitar da ni daga ɗaki wani mai shayi ne, mutumin Segbana ta cikin Benin. Shi ma baƙo ne a takarda, amma bai taɓa jin haka a ransa ba. Kakarsa tana wannan ɓangaren, matarsa tana wancan, yakan bi ta Tsamiya a kan keke ya kai cefane ya dawo. Ya ce mini Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layinsu a 1898, ba su tambayi kowa ba, su ma ba su tambayi Turawa ba kafin su ƙulla aure. Shi ya kai ni Lolo na ga Kwara ta cika ta batse, ya sa na shiga kwalekwale ina salati yana dariya. Ta dalilinsa tsohuwar gidan da nake haya ta daina ce mini Malam, ta koma ce mini "ɗiyana", ta kuma hana ni dafa abinci. Tuwon shinkafa da miyar kifi dai na ci har na fara raina na gidanmu, Allah Ya sa Inna ta yafe mini.

A watan azumin 1995 direba ya kawo kaset kafin lokacinsa, bai kuma tsaya shan shayi ba. Na kunna. Babu zakara, babu daka. Inna ta yi sallama, ta ce, "Ka yi haƙuri, Babanku kwana ya ƙare ranar Talata." Kwana shida ke nan da binne shi, ni kuwa a cikin kwanakin nan na ci na sha, har na je kallon kokawa. Wannan shi ne abin da har yau ban gama sasantawa da shi ba. Masu cewa nisa ba ya raba zumunci ban musa musu ba, sai dai ina jin ba su taɓa karɓar ta'aziyyar ubansu daga bakin rikoda ba.

Kafin in haɗa kaya gari ya ji. Tsohuwa ta sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zo, iyayen yara suka zo, har da mutanen da suka tsallako daga Segbana, suka yi wa mutumin da ba su taɓa gani ba addu'a. Mai shayi ya rufe teburinsa ya rako ni har Zariya da kuɗin aljihunsa.

Shekara tara na yi a can, na dawo a 2001, shekarar da wayar salula ta shigo. Da aka rufe iyakoki a watan Agusta na 2019 mai shayi ya kira ni daga Segbana, ya tsufa ya koma gida, ya ce jikarsa ta haihu a wannan ɓangaren amma wata biyu bai ga jaririn ba. Na rasa abin da zan ce masa, sai na ce su ɗauko masa kukan yaron a waya.

Kaset na ƙarshe yana nan cikin akwatina, ban shafe shi ba. Rikodar ce ta mutu, kuma duk mai gyaran da na kai wa sai ya ce ba a samun kayanta yanzu.