Tanderun 'yan makaranta a Madawa

In ka taso daga Birnin Ƙonni ka nufi Maraɗi, da ka wuce Galmi mai albasa sai Madawa. A nan wata malama, 'yar uwar maiɗakina, ta kai ni bayan gidansu don in ga tanderun laka da ɗalibanta mata suka gina da hannunsu. Asabar da Lahadi suke gasa gato, su soya cincin, su sayar a bakin makaranta da tasha. Ribar ta littafi da alƙalami ce ga yaran da 'yan bindiga suka koro daga gabashin jihar Sakkwato zuwa Bangi. Ni Basakkwace ne, don haka abin ya taɓa ni ƙwarai. 'Ya'yanmu ne ake yi wa wannan wahala.

Gwangwanin tumatir suke shafe wa mai su zuba kwaɓin. Kafin a saka, ɗaya ta watsa ɗan gari cikin tanderu: in ya ƙone nan take, sai a dakata wuta ta lafa. Mai riƙe da littafi kuwa da dala take lissafi, wato sefa biyar-biyar, kuma gwangwanayen kuɗinta biyu ne, na uwar kuɗi daban, na riba daban. Na farkon ba a buɗe shi sai za a sayo fulawa, sukari, mai da itace, komai tausayin da ya kama su. Wannan dabara daga iyayensu mata suka gaje ta, 'yan ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991.

Na ɗauki gato biyu na miƙa jika guda, na ce ta riƙe canji. Ta ce, "Baba, gato da kuɗinsa. In sadaka za ka yi, sai in rubuta ta daban." Gaskiyarta. Mai saye don tausayi sau ɗaya yake zuwa, kuma kuɗinsa yakan ɓoye asara har a zaci ana cin riba. Bashi ma sun hana, don ya taɓa durƙusar da su, masu cinsa kuwa manyansu ne da ba sa iya tambaya. Da kaya suka yi tsada bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakoki, sai suka rage girman gato suka bar farashi yadda yake, don kuɗin aljihun ɗalibi bai ƙaru ba.

Itace ne ya fi cin jarinsu, kuma sai da na hau hanyar Buza na gane dalili. Layukan dogon yaro na kwarin Majiya, da aka fara dasawa a 1975 don tare iska, ba a sa musu gatari yadda aka ga dama. A Keita ma, inda aikin farfaɗo da ƙasa ya soma a 1984 da tallafin Italiya, mata ne suka fi ɗaukar duwatsu a ka kafin itatuwan su tsaya. Shi ya sa 'yan matan Madawa ke haɗa gashinsu duka a wuta ɗaya.

Abin da ke damun malamar yanzu shi ne manyan cikinsu za su zauna jarrabawar BEPC su watse. Ta riga ta sa kowace ta ɗauko ƙanwa daga ƙaramin aji, mai littafi kuma ta fara barin tata ƙanwar tana rubuta cinikin Lahadi.