Kwamfutar da Ke Ƙarƙashin Teburina

Albashin mutum 32 yana cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburina a ofishinmu na Kano. Lasisin manhajar albashin a kanta kaɗai aka ɗaure shi, ba a kwashe shi zuwa wata na'ura. Shi ya sa tun kullen korona na 2020 aka haɗa mini hanyar shiga daga nesa. Ina kunna VPN, ya buɗe mini ɓoyayyiyar hanya ta cikin intanet har cikin ofis, sannan in buɗe Remote Desktop, fuskar waccan kwamfutar ta bayyana a laftof ɗina kamar ina zaune a gabanta.

Watan da aka kwantar da Inna a asibiti a Gusau, wannan hanyar ce ta ba ni damar zama jinya. Ranar 27 ga wata, bayan sallar isha'i, na zauna a ɗakin ƙanena zan haɗa albashi. VPN ya nuna ya haɗu. Remote Desktop kuwa ya yi ta juyi, daga ƙarshe ya ce bai sami kwamfutar ba. Washegari da safe takardar albashi za ta tafi banki, kuma na san direbobinmu da masu shara waɗanda tuni mai shago ya fara yi musu kallon ƙarshen wata.

Haɗuwar VPN tana nufin ka shiga zaure ne kawai. Ko mai ɗakin yana nan, wannan wata magana ce daban. Saboda haka na fara kiran maigadinmu.

"Baba, don Allah a yi haƙuri da kiran dare. A duba mini akwatin nan na ƙarƙashin teburina, fitilarsa tana ci?"

"Ranka ya daɗe, duhu ne ƙirin. Tun la'asar aka ɗauke wuta, sai magariba aka kawo."

Kwamfutar tebur ba ta tashi da kanta bayan dawowar wuta, sai in an saita ta a BIOS ta yi hakan. Baba ya danna maɓalli, na ji ƙarar fankarta ta waya. Na sake gwadawa, shiru.

Sai na tashi injiniyanmu daga barci. Ya leƙa rautar ofis ya ce adireshin kwamfutar ya canza, don rauta aron adireshi take bayarwa, kuma bayan ɗaukewar wuta tana iya sake rabo. Da 192.168.1.20 ce, yanzu ta koma 192.168.1.34. Na rubuta sabon, nan ma shiru. Shi daga gidansa yana shiga lafiya lau, ni ce dai ta ƙi, ko in ce ni ne aka rufe wa ƙofa.

"Yallaɓai, da wane intanet kake aiki?" in ji shi. Na ce da rautar gidan ƙanena. Ya ce in buɗe burauza in rubuta 192.168.1.1 in faɗa masa abin da na gani. Shafin rautar ƙanena ne ya fito, ba na ofis ba. Ya yi dariya.

Adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, kowa yana iya amfani da shi, kuma rautoci da yawa da lambobi iri ɗaya suke fitowa daga masana'anta. Gidan ƙanena da ofishinmu duk a layin 192.168.1 suke. Kamar ka ba yaro wasiƙa ka ce gida na 34, Layin Masallaci, kana nufin na Kano, alhali unguwar da kuke tsaye ita ma tana da Layin Masallaci. Yaro ba zai je tasha ba, nan zai yi ta zagaye yana ƙwanƙwasa ƙofar da babu ita. Laftof ɗina a cikin gidan Gusau yake neman kwamfutar ofis. A gidana na Kano ban taɓa gamuwa da haka ba, domin rautata a layin 192.168.0 take.

Ƙanena, da yake saurare, ya ce me zai hana a buɗe ƙofar Remote Desktop kai tsaye a huta da VPN. Injiniya ya ce ko kusa. Ƙofa mai lamba 3389 ɓarayin intanet dare da rana suke laluben ta, kuma a 2019 an gano ɓarakar BlueKeep, wadda ta sa Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP da ta daina kulawa da ita. Na goyi bayansa. Lambobin asusun mutane ne a ciki, ba nawa ba ne balle in yi caca da su.

Na kashe waya-fai ɗin gidan, na jona laftof da datar wayata, wadda take raba adireshi a wani layi daban. VPN ya haɗu, fuskar kwamfutar ta bayyana. Sabis ɗin yana ja, kibiyar linzami tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, sai na rage kyan hoto a saitin Remote Desktop, ta ɗan saki. Ƙarfe ɗaya saura na dare na tura wa manaja takardar ya sa hannu.

Da na koma Kano, injiniya ya ba kwamfutar adireshi na dindindin, ya hana ta barci, ya saita ta ta riƙa tashi in wuta ta dawo. Sauya layin ofis daga 192.168.1 kuwa, ya ce sai ranar da ba a aiki, don firintoci da kyamarori duk sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.