Baƙin Gulbin Zamfara da Ba Su da Mai Tarba

Duk shekara, da zarar sanyi ya kama ƙasashen Turai, mutane da yawa sukan nufi gaɓar tekun Gambiya. A yankin Kotu, kusa da Banjul, sukan kama ƙananan gidajen hutu a bakin ruwa, su yi sammako da madubin hangen nesa rataye a wuya, matasan yankin suna gaba suna nuna masu tsuntsaye da sunayensu. Da wannan sana'a matasan ke ciyar da iyalansu. Jihar Kebbi ba ta da teku, amma da yawa daga irin waɗannan tsuntsaye suna sauka a fadamunmu, ba kuwa mai tarbarsu. Dalilin da ya sa ke nan na keɓe kwana uku a hunturun da ya wuce, na zaga Jega da Aliero da Maiyama.

Jega mararraba ce: hanya ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya Sakkwato, ɗaya kuma ta gangara kudu zuwa Yawuri. Tun ƙarni na 19 kasuwarta ta yi suna wajen fatake, kuma a wannan yanki ne Gimbana take, garin Malam Abdussalami, wanda harin da Gobirawa suka kai masa a 1803 yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu Usmanu a 1804. Amma abin da ya kai ni shi ne Gulbin Zamfara, wanda ke biyowa ta Gummi, ya ratsa gefen Jega kafin ya haɗu da Gulbin Kebbi.

Bayan sallar Asuba, kafin hazo ya yaye, bakin gulbi yakan cika da motsi. Zalɓe na tsaye cikin ruwa bai ko motsi, yana dakon kifi. Balbelu sun jeru bayan garken Fulani suna tsintar farin da kofato ya tayar. Can sama garken kirinjijiya ya wuce yana fito, zakaran ƙeƙuwa kuma yana ta ƙorafi a kan rairayi. Cikinsu akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke caccakar taɓo. Waɗannan su ne baƙin: a arewacin Turai da Asiya suke ƙyanƙyasa, su ƙetaro Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a nan. Wani dattijo masunci da na tarar yana gyaran koma ya ambata mini sunayen tsuntsaye fiye da 20 ba tare da ya ɗaga kai sosai ba, da jin kukansu kawai. Jikansa da ke zaune kusa da shi bai iya kawo biyar ba. A masaukin da na kwana kuwa, taga tana kallon tashar mota ne, gulbi yana can baya.

Aliero tana ɗan gaba kaɗan ta hanyar Sakkwato. Garin albasa ne da masu ɗorin karaya, kuma nan ne mazaunin jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar, wadda aka kafa a 2006. A gonakin rani na ga cilakowa tana tsalle daga reshe zuwa reshe, hazbiya da kurciya suna kiwo a gefen kwali. Abin da ido ya nema ya rasa shi ne ungulu. Duk wanda ya haura shekara 40 yana tuna yadda take cika mahauta da bayan kasuwa a garuruwan ƙasar Hausa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya wannan ungulu tamu cikin halittun da ke gab da ƙarewa, saboda guba da kuma farautarta don haɗa magunguna. Ita ce ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, kuma ba ta taɓa neman lada ba. Haka gauraka, wadda ake yi wa kallon tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, ta yi wuyar gani ko'ina a Arewa.

A Maiyama, kudu da Jega, labarin ya sauya fuska. Nan tsuntsu abokin gaba ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun jihar, jan baki kuma ya sami abinci. Idan garkensa ya sauka a gonar da ta fara nuna, wahalar wata huɗu tana iya tafiya a yini guda. Shi ya sa yara ke wuni suna kaɗa gwangwani, hukuma kuma takan yi feshi da jirgin sama. Ba mai adalcin da zai zargi manomi don ya kare abincinsa. Sai dai maganin feshi ba ya tantance jan baki da sauran tsuntsaye, kuma shirwar da ta ci gawar da ya kashe ita ma tana cikin haɗari. Kowane tafki da aka cike aka mayar gona, masaukin baƙi ne ya ragu.

Akwai abin koyi a cikin gida. Dausayin Hadeja da Nguru ya shiga jerin Ramsar a 2000, tun kafin nan kuma Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989 don tsuntsayenta. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke horar da ɗalibai. Kebbi da kanta ta san darajar ruwa, domin bikin kamun kifi na Argungu, da aka fara a 1934, ya shiga kundin UNESCO a 2016.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Ɗaliban kimiyyar halittu a Aliero su riƙa ƙidayar tsuntsayen gulbi kowane watan Janairu, a adana alƙaluman. Ɗaliban Hausa su zauna da Sarkawa da mafarauta su rubuta sunaye da karin maganar da ke tattare da kowane tsuntsu, tun dattawan na raye. Masarauta da ƙaramar hukuma su keɓe tafki ko da ɗaya ne, a hana harbi da feshi a kansa. Mai hali kuma ya gina 'yan ɗakuna masu tsafta da ke fuskantar ruwa, ya fara da ɗaliban makarantu da iyalai daga Birnin Kebbi da Sakkwato, kafin tsaron hanyoyi ya inganta har na nesa su zo.

Shamuwa takan iso da farkon damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, kakanninmu kuma ba sa taɓa ta, domin ita ke albishir da ruwa. Wannan mutunci da suka ba baƙuwa ɗaya ya kamata mu faɗaɗa shi ga sauran, tun suna zuwa.